Kiɗan Gargajiyar Indiya: Daga Wurin Ibada Zuwa Fadar Sarakuna

A wurin ibada aka haifi kiɗan gargajiyar Indiya. Samaveda, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafai huɗu na addinin Hindu, tarin baitoci ne da malamansu ke rerawa a wajen hadaya tun sama da shekara 2,500 da suka wuce. Daga baya littafin Natyashastra ya shimfiɗa ƙa'idojin kiɗa da rawa, sannan a ƙarni na 13 Sarngadeva ya wallafa Sangita Ratnakara, wanda masana ke komawa gare shi har gobe.

Abu biyu ne ke riƙe da wannan kiɗa: tala da raga. Tala ita ce lissafin bugu, kuma wadda aka fi ji a arewacin ƙasar, Teental, bugu 16 gare ta. Raga kuwa tsari ne na sautuka, da dokar hawa da sauka, wanda gwani zai shafe awa guda yana ƙirƙira a cikinsa ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Yakan fara a natse, babu ganga, sai amon tanpura, wani abin kiɗa mai tsirkiya, mara yankewa, yana taɓa sautukan ɗaya bayan ɗaya har raga ta bayyana. A arewa kowace raga da lokacinta: Bhairav ta asuba ce, Yaman ta bayan faɗuwar rana, Malhar ta damina. A aƙidar 'yan Hindu sauti kansa hanya ce ta neman kusanci da abin bauta, kuma a da ɗalibi kan yi zaman shekaru a gidan malaminsa yana hidima.

Bayan kafuwar daular Musulmi a Delhi, kiɗan ya rabu biyu: Hindustani a arewa, Karnatik a kudu. Na kudu ya zauna kusa da ɗakunan bauta. Tyagaraja, wanda ya rasu a 1847, yawancin waƙoƙinsa na yabon Rama ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar 'yan Hindu. Na arewa ya cuɗanya da salon Farisa. Amir Khusrau, muridin Shehu Nizamuddin Auliya, ya rasu a 1325, kuma shi ake dangantawa da kafa ƙawwali, waƙar begen Sufaye. Mawaƙi Tansen kuwa ya yi suna a fadar Sarki Akbar.

Nan ne abin lura yake, domin masu ɗaukar wannan kiɗa a matsayin mallakar addini guda sun jahilci tarihinsa. Malamin Ravi Shankar, shahararren makaɗi ɗan Hindu, Musulmi ne, Allauddin Khan. Bismillah Khan, gwanin shehnai, abin busa mai kama da algaita, Musulmi ne mai riƙo da salla, ya rayu a Banaras, birni mai tsarki ga 'yan Hindu, kuma shi ya yi busa a Delhi a bikin 'yancin kai na 1947.

Hausawa sun ɗanɗani wannan gado ta hanyar finafinai. Mai tsara kiɗa Naushad ya gina waƙoƙin fim ɗin Baiju Bawra na 1952 a kan raga, Mohammed Rafi ya rera, kuma a Kano an samu sha'irai da suka ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya. Amma waƙar fim ta minti biyar ba ta isa a auna kiɗan da ita ba. Mai son saninsa ya nemi busar Bismillah Khan, ya saurara tun daga farko har ƙarshe.