Likitan Da Ke Tura Majinyaci Shagonsa

A wannan mako Amurka za mu leƙa, mu ga yadda suke yi da likitan da ya mai da majinyaci hajar kasuwa. Wato likita ya duba ka, sa'an nan ya tura ka gwajin jini ko ɗaukar hoto a wurin da shi ko wani na gidansa ke da hannun jari. Kai kana tsammanin lafiyarka ake nema, alhali kuwa kowane gwaji riba ce ta faɗa aljihunsa.

A shekarar 1989 Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa Dokar Stark, mai ɗauke da sunan ɗan majalisa Pete Stark na Jihar Kalifoniya. Da fari ɗakunan gwaji kaɗai ta shafa, sai a 1993 aka faɗaɗa ta. Ta hana irin wannan turawa ga majinyatan da shirin gwamnati na Medicare ke biya wa kuɗin magani, sai fa in an cika wasu sharuɗɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, dokar ba ruwanta da niyya. Ko da gangan ko bisa kuskure, gwamnati ba za ta biya ba, abin da aka riga aka karɓa kuma sai an mayar. In ko da sani aka yi, to, ga tara wadda asalinta ta kai dala 15,000 a kan kowane aiki, da dala 100,000 ga mai ƙulla dabarar kauce wa dokar, ga kuma kora daga shirin.

Asibitin Tuomey da ke garin Sumter a Jihar Karolina ta Kudu ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya ɗauki ƙwararrun likitoci 19 bisa albashin da ke ƙaruwa gwargwadon majinyatan da suka kawo masa. Wani likita, Michael Drakeford, ya ƙi sa hannu, ya kai ƙara. A 2013 kotu ta yanka wa asibitin dala miliyan 237, domin an haɗa masa da dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda ke ninka hasara sau uku, ban da tara a kan kowace takardar neman biya. Takardun nan kuwa sun haura 21,000.

Ina asibitin ƙaramin gari zai samo wannan? A 2015 aka sasanta a kan dala miliyan 72.4, asibitin ya koma hannun wasu, shi kuma Drakeford aka ba shi ladan miliyan 18.1. Shekara ta zagayo, tsohon shugaban asibitin ya biya dala miliyan 1 daga aljihunsa.