Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi: Tautau Ya Shiga Kasuwa

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Duk wanda ya zaga unguwannin Hausawa na Ikko, kamar su Agege da Idi-Araba da Obalende, zai tabbatar da maganar nan. Wani ya turke ragon layya a ƙofar gida, wani ya kafa ɗakin tattabaru a bayan gida, wani kuwa ya rataye kejin kanari a bakin shago. Amma akwai wani kiwo da ya bazu a Turai da Amurka da Asiya, wanda ko mai kura ya ji labarinsa sai ya riƙe baki, watau kiwon ƙaton gizo-gizon nan mai gashi, ɗan'uwan tautau, wanda Turawa ke kira tarantula.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Agege da wannan shirme. To, ruwansa ya tsaya a kan abu biyu. Na farko, kiwon nan ya zama ciniki mai kawo kuɗi, Afirka ta Yamma kuwa tana cikin wuraren da ake ɗebo hajar. Na biyu, filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana Ikeja, maƙwabciyar Agege.

Halin tarantula dai zaman kaɗaici ne. In aka haɗa biyu a akwati guda, ba a daɗewa sai a tarar saura ɗaya, ya yi kalaci da ɗan'uwansa. Sai dai akwai wani iri da ya saɓa wa danginsa, shi ne na tsibirin Sokotra, wanda ke ƙarƙashin mulkin Yaman, wajen mil 150 daga Ƙahon Afirka. Ƙafafunsa shuɗɗa ne, cikinsa kuwa ruwan ƙasa mai haske. Wani masani na gidan ajiyar halittu na Landan, R. I. Pocock, shi ya fara bayyana shi a 1897, ya raɗa masa suna Monocentropus balfouri, don girmama Isaac Bayley Balfour, masanin tsirrai da ya yi bincike a tsibirin a 1880.

A hannun masu kiwo, irin nan yakan zauna jama'a guda cikin akwatin gilashi ɗaya. Sukan haƙa ramuka masu haɗe da juna, su lulluɓe su da saƙa, har a ga uku ko huɗu sun taru a kan gyare ɗaya suna ci. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne uwar. Ba ta watsar da 'ya'yanta in sun ƙyanƙyashe, sai ta kashe abinci ta bar musu a bakin rami har su yi ƙwari.

Ka'idojin kiwon ba su da yawa, amma ba su son ganganci. Akan fara da 'ya'yan uwa ɗaya, masu girma ɗaya, a tashe su tare. Akan zuba busasshiyar ƙasa mai zurfi, a ajiye ɗan kasko na ruwa, a huda akwatin don iska, domin danshi mai yawa yana halaka su. Abincinsu gyare ne da kyankyaso, kuma ba a barin su da yunwa, gama yunwa ita ce ke raba zumunci. In ɗaya ya kwanta rigingine zai yi saɓa, ba a taɓa shi, don a lokacin jikinsa ba shi da ƙwari. Macen takan wuce shekara 10 a raye, namijin kuwa ba ya daɗewa bayan ya balaga.

Sa'ad da gizon Sokotra ya fara shiga kasuwar Turai, sai mai hali ke iya sayensa. Da masu kiwo suka gane yadda ake hayayyafa shi a gida, sai ya wadata, kuɗinsa ya sauko, bukatar zuwa tsibirin a tono shi ta ragu. Wannan kuwa alheri ne, domin a Sokotra kaɗai Allah ya ajiye shi, tsibirin da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2008.

Na Afirka ta Yamma ba duka suka yi wannan sa'a ba. Akwai Heteroscodra maculata da Stromatopelma calceatum, masu zama a kan itatuwa, da baƙar kunamar nan ƙatuwa da aka yi ta lodinta daga Gana da Togo da Binin, har aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji a 1995. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙirga fiye da iri 1,200 na gizo-gizo da kunamu da danginsu a kasuwar duniya, ya kuma nuna galibin waɗanda ake fataucinsu daga daji aka kamo su. Ko Nijeriya tana da nata abin alfahari. A 1899 Pocock ya bayyana wani ƙaton iri da aka samo a Jebba, garin da jirgin ƙasa na tsohon layi ke ratsawa tsakanin Agege da Kano, ya kira shi Hysterocrates hercules. Har yau 'yan kasuwa suna laƙaba wa wasu irin sunansa don su yi tsada.

Inda riba take, nan kwaɗayi ke kwana, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. A Nuwamba 2024 an kama wani ɗan Koriya ta Kudu a filin jirgin Lima ta ƙasar Peru, ya ɗaure tarantula 320 a jikinsa. A 2025 wata kotu a Kenya ta ci wasu samari 'yan Beljiyam tara saboda tururuwa wajen 5,000. A shekarar ce kuma kwastan suka tare tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin Ikko, ana shirin kai su Kuwait ba takardu. Nijeriya tana da Doka ta 11 ta 1985 a kan fataucin namun daji, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016.

Saboda haka duk saurayin da wani baƙo ya ruɗa ta intanet, ya ce ya tara masa ƙwari a kwalabe ya aika, sai ya yi tunani. Baƙon yana can ƙasarsa, mai ɗauke da kwali shi zai amsa tambaya. Wanda kuma sha'awar kiwon ta kama, ya nemi haihuwar gida, ya kulle akwatinsa, domin irin na Afirka cizonsu yana da raɗaɗi ƙwarai, yana sa ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki, gidajen haya na Agege kuwa cike suke da yara.

Mutanen da kakanninsu suka zauna Agege a kan fataucin goro da shanu sun fi kowa sanin cewa makiyayi na gari ba ya cinye iri. Wanda ya hayayyafa shi ne mai kiwo. Wanda ya share daji kuwa, komai ribarsa, ya ci rabon jikokinsa ne.