Mu Yi Gayyar Rufi Kafin Ruwa Ya Sauka

 Duk wanda ya tashi daga Ƙafin Maiyaki ya bi ta Tudun Wada har Doguwa, in ya ɗaga ido zai ga abu guda a kowane gari: rufin kwano ya yi ja wur kamar an watsa masa jar ƙasa. Haka gidaje suke, haka shaguna da makarantu da majami'u, har da ɗakunan ajiya na ƙungiyoyinmu na gama kai. Ido ya saba da abin, har wasu na tsammani launin tsohon kwano ke nan. Tsatsa ce, kuma kuɗinmu take ci dare da rana.

Mu kanmu mun ɗanɗana. A wata damina mun buɗe siton ƙungiyarmu bayan ruwan dare biyu, sai muka tarar takin zamani da ke jeren sama ya narke ya daskare kamar dutse. Irin masarar da muka ajiye a kusurwa ya jiƙe, wani ya tsiro a cikin buhu, wani ya yi fumfuna. Da muka duba, ramukan da suka jawo wannan hasara ba su fi kan ƙusa girma ba. Kowa ya daɗe da ganin rufin ya yi ja, amma kowa yana jiran wani ya yi magana, gama sito na ƙungiya ne.

Iyayenmu ba haka suka yi da rufinsu ba. Kowace shekara kafin bazara ta ƙare, mai soro yana hawa ya yi yaɓe, ya shafa makuba, ya gyara indararo. Mai ɗakin ciyawa yana yanko shuci ya sake baibaya, maƙwabta kuwa su taru su ɗaga masa, don an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kwano ya zo sai muka ɗauka mun huta da aikin rufi har abada. Nan muka yi kuskure. Kwano ma yana son hannu, sai dai ba ya son wahala kamar soro.

Ga yadda abin yake. Kwano falle ne na ƙarfe da aka yi wa riga da tutiya. Muddin rigar tana nan, ita ce ruwa da iska suke fara ci a madadin ƙarfen. In ta ƙare a wani wuri, ƙarfen ya fito tsirara, sai tsatsa ta kama, ta yi ta bazuwa har ta huda. Mu da ke kudancin Jihar Kano mun fi mutanen arewacin jihar samun ruwa, musamman wajen Doguwa da dajin Falgore. Albarkar da take ba mu masara da shinkafa da rake, ita ce kuma take hanzarta cin rufinmu.

Amma ruwan sama kaɗai ba ya huda kwano da wuri, don yana sauka ya wuce. Abin da ke riƙe laima a kan rufi shi ne babban abokin gaba. Ganyen mangwaro da na darbejiya suna taruwa a kwarin kwano su ruɓe. Ƙurar hunturu tana kwanciya ta zama taɓo da ruwan fari. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi da muke ɗorawa don tsoron iska, a ƙarƙashinsu ne tsatsa take fara toho. Daga ciki kuma akwai takin zamani, wanda ƙurarsa da tururinsa suke cin tutiya, haka nan zafin kashin kaji da fitsarin dabbobi a ɗakin da ba shi da mashigar iska. Shi ya sa rufin siton taki ya kan riga na ɗakin kwana lalacewa.

Ra'ayinmu shi ne, kowace ƙungiya ta tsai da rana guda a shekara ta gayyar rufi, ta rubuta ta a littafin sakatare kamar ranar rabon taki. A sayi kayan aiki da kaka sa'ad da kuɗi ke hannu, a yi aikin bayan hazo ya ragu, kafin hadarin farko. A fara da sito, sa'an nan a bi gidajen 'yan ƙungiya, ana fara da na gwauraye da tsofaffi. Ga yadda za a yi:

1. Da rana tsaka a shiga ɗaki a rufe ƙofa a dubi sama. Duk inda haske ya shigo kamar tauraro, a cusa tsinke domin na sama su gane wurin.

2. A sauke duwatsu da tayoyi, a share ganye da ƙura, a sare rassan da suka rufa kan ɗaki.

3. A kankare tsatsa da buroshin waya ko sanfefa har ɓawon ya fita, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai. Fenti a kan tsatsa ko ƙura ɓarnar kuɗi ne, ɓarewa zai yi.

4. A shafa jan fentin nan na ƙarfe a inda aka kankare. In ya bushe, a bi da fentin rufi sau biyu. Fari ko ruwan azurfa ya fi, don yana mayar da zafin rana, hatsi kuwa ya fi daɗewa a ɗaki mai sanyi.

5. Ƙaramin rami a liƙe shi da ƙyallen da aka jiƙa da fenti. Fallen da ya zama rariya a cire shi a sa sabo. Ƙusar da ta saki ko ta yi tsatsa a canja ta da mai hula, a kafa ta a kan tudun kwano, ba a kwarin da ruwa ke bi ba.

Mai hawa ya shimfiɗa katako, ya taka a kan layin ƙusoshi inda akwai itace a ƙasa. A yi aikin da sassafe kafin kwano ya yi zafi, kada kuma a tura yara. In ana tarar ruwan rufin domin sha, kada a shafa masa kwalta, a kuma tambayi mai shago a tabbata fentin ba shi da dalma. Ba mu manta ba gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma dalma guba ce ko daga ina ta fito.

Mun san wasu za su ce ina kuɗin fenti a wannan marra? Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya hau. Amma kwano ma ya hau, katako ya hau, ladan kafinta ya hau. Kowane ma'aji ya je kasuwa ya tambayi kuɗin galan na fenti, ya tambayi kuɗin bandir mai falle 20, ya kawo lissafin gaban taro. In an haɗa da buhun takin da zai narke, ba sai an yi gardama ba. Ban da haka, rabin aikin nan shara ne da sauke duwatsu, ba ya cin ko kobo. In kowane ɗan ƙungiya ya ba da kwanon masara biyu ko uku da kaka, an kama hanya.

Wasu kuma suna cewa a bari ya mutu, sa'an nan a sayi sabon yayi mai launi. Na alminiyom ba ya tsatsa, amma ba kowa ke iya sayensa ba. Da yawa daga masu launin nan kuwa ƙarfe ne a ciki, in fentin ya kuje sai su kama tsatsa su ma. In har sayen sabo ya zama dole, mu tuna araha ba ta ado. Akwai kwano a kasuwa da kaurinsa bai kai milimita 0.2 ba, in ka ɗaga shi yana lanƙwasa kamar takarda. A tambayi kauri kafin a tambayi kuɗi. A ajiye shi a inuwa inda ruwa ba zai shiga tsakanin fallaye ba, gama kwanon da ya jiƙe a jere ya kan yi farin gari tun ba a kafa shi ba. A gaya wa kafinta ya ba rufin gangare sosai, ya kuma ɗora falle kan falle kamar inci 6. Sabon kwano mai sheƙi ba ya kama fenti da kyau, sai ya sha damina guda.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su sa maganar nan a taro mai zuwa, a naɗa mutum biyu masu kula da rufi. Mun yi noma, mun yi girbi, mun biya kuɗin taki da guminmu. Kada mu bar ramin ƙusa ya cinye wahalar shekara. Ƙungiyar da ta yi gayyarta ta aiko mana da labari, za mu buga don sauran su gani.