Hanyar Padovan: shin rarrafe na buɗe bakin yaro?

Hanyar Padovan tsari ne na jinyar yara masu matsalar magana, wanda Beatriz Padovan, malamar makaranta kuma ƙwararriyar gyaran furuci a birnin Sao Paulo na Brazil, ta ƙirƙiro a shekarun 1970. A ganinta baki ba ya aiki shi kaɗai. Yaro mai i'ina, ko mai tsamin baki, ko wanda ya kai shekara uku bai fara haɗa kalmomi ba, jikinsa duka ake jinya.

Wurin mutum biyu ta ɗebo wannan tunani. Rudolf Steiner, ɗan Ostiriya da ya assasa makarantun Waldorf, irin wadda ita ma ta koyar a ciki, ya ɗauka cewa tafiya ke share wa magana hanya, magana kuma ta share wa tunani. Temple Fay, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Philadelphia ta Amurka, shi kuma yana ganin matakan motsin jariri, daga mirginawa zuwa jan ciki, rarrafe da tatata, su ke tsara ƙwaƙwalwa daki-daki. Sai Padovan ta ce a maimaita wa yaro waɗannan matakai bi da bi.

A ɗakin jinya, akan lilla yaro, a kwantar da shi a motsa masa ƙafafu da hannuwa, a sa shi ya mirgina, ya ja ciki, ya yi rarrafe. Daga nan a koma kan idanu da 'yar tocila, a ƙarshe a zo baki: numfashi, tsotso, tauna da haɗiya, da usur da bututun roba. Duk wannan lokaci mai jinya na rera baituka daidai da bugun motsin. Tsarin ya bazu zuwa Jamus, Faransa da Kanada.

Akwai gaskiya a ƙasan wannan gini. Masu nazarin girman jarirai, irin su Jana Iverson a Amurka, sun nuna cewa lokacin da jariri ke yawan bubbuga abu da hannu, wajen wata shida zuwa tara, shi ne lokacin da gwarancinsa na "ba-ba-ba" ke kankama. Yaron da ya iya nuni da yatsa kan jawo a faɗa masa sunan abin, ta haka kalmominsa ke ƙaruwa. Kuma abin yabo ne a ɗauki yaro a matsayin mutum cikakke mai son wasa da waƙa, maimakon a tsare shi a kujera ana cewa maimaita.

Sai dai tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ke haifar da ɗaya. Yara da yawa ba sa rarrafe ko kaɗan, kuma bakinsu garau. Waɗanda shan-inna ta hana tafiya ma magana ba ta gagare su ba. Tun kafin Padovan, Glenn Doman da Carl Delacato sun gina irin wannan jinya a kan ra'ayin Fay, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 1968, ta sake a 1982 da 1999, cewa babu hujjar da ta tabbatar da amfaninta. Atisayen baki marar furuci, wato hura iska da murza harshe, shi ma haka: bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015 ta sami gwaji uku kacal a kan yara 22, abin da bai isa a kafa hukunci ba. Wannan babban al'amari ne ga iyalin da ke zuba kuɗi mako-mako, shekarun da kunne da harshen yaro suka fi saurin koyo kuma suna wucewa.

Motsi ya fi amfani idan ya ɗauko furucin yaron da kansa. Petar Guberina, wanda ya buɗe cibiyar SUVAG a Zagreb a 1961 domin masu raunin ji, ya haɗa kowane sauti da motsin da ya dace da shi: sauti mai tsauri kamar "p" da ɗaure jiki a saki farat ɗaya, mai laushi kamar "m" da motsi a hankali. A nan yaro ne ke furtawa, jiki na tallafa masa. Wasan tafa-tafa, inda tafi ke tafiya tare da kowace gaɓar kalma, yana da wannan siffa.

Kafin kowace jinya, a fara auna jin yaro, domin ruwa a bayan dodon kunne ko raunin ji na cikin manyan dalilan jinkirin magana. Bayan haka a tantance ko matsalar ta fahimta ce, ta furuci ce, ko ta tsara motsin baki, don kowacce da irin aikinta. Duk mai tallata hanyar motsi, iyaye na da haƙƙin tambayarsa sau nawa yaron zai buɗe baki ya yi magana a kowane zama, da kuma yadda za a auna cigabansa bayan 'yan watanni.