Kimiyya A Sauƙaƙe: Ruwa Da Zaren Gado

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki. To, wannan magana ta kai har cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, inda zaren gado da ake kira DNA yake.

Ita ƙwayar ruwa tana da gefe biyu masu cajin lantarki daban, kamar kan batir da gindinsa. Shi kuwa DNA igiya biyu ce a murɗe, kuma bayan kowace igiya yana ɗauke da caji iri ɗaya. Da ma caji iri ɗaya ture juna yake yi. Ruwa da gishirin da ya narke a cikinsa su ke kewaye igiyoyin, su rage wannan turereniya, zaren ya zauna daram.

A shekarar 1951, Rosalind Franklin ta kwalejin King's da ke Landan ta gano cewa DNA yana sauya siffa gwargwadon laima: in ya sha ruwa sai ya miƙe, in ya tsane sai ya gajarce ya yi kauri. Hoton mai laimar nan, wanda aka ɗauka a 1952, ya taimaki Watson da Crick suka bayyana siffar zaren a 1953.

Haka nan sinadaran aiki da ake kira enzayim. Wanda aikinsa yanka DNA ne yakan bi zaren yana lalube, da ruwa a tsakaninsu. In ya iso daidai wurin da yake nema, sai yawancin ruwan ya fice, su manne. Sa'an nan kuma da ƙwayar ruwa ake tsinka igiyar.

Amma fa ruwan nan yana da nasa ta'adi. Tomas Lindahl, wanda ya sami kyautar Nobel a 2015, ya nuna cewa kullum ruwa yana ɓantare dubban haruffa daga DNA na kowace ƙwayar halitta, wasu enzayim suna bi suna gyarawa.

Ga darasi ga manomi. Irin da ya bushe sarai, enzayim ɗinsa suna kwance, shi ya sa yake daɗewa. In laima ta ɗan shige shi a rumbu, ɓarna takan ƙaru, fumfuna ta samu ƙofa, damina ta zo iri ya ƙi tsira. Saboda haka a shanya iri sosai kafin a adana.