Kujerar da ba ta da ƙusa, da ciyawar da muke tsine wa

Duk wanda ya taɓa halartar taron yaye ɗalibai ko daren al'adu ya san ƙarshen kujerar roba. Ƙafa ɗaya ta buɗe, mutum ya sha ƙasa, a yi dariya, a jefa ta bayan ɗakin taro. Ba mai gyara ta, don ba a yi ta domin gyara ba. Ni dai ra'ayina, 'yan uwa ɗalibai, abin kunya ne a ce makarantar fasaha guda, da injinan yanka katako da malaman zane, kujerar zamanmu ma sai an sayo.

Akwai wata tsohuwar kujera ta ƙauyukan Turai, katako ne da mazaunin ciyawa da aka saƙa da hannu. Irinta ce Van Gogh ya zana a 1888 a garin Arles na Faransa, zanen yana Landan yanzu. Kujerar talaka ce, amma ku dubi lissafin da ke cikinta. Kafinta yakan yi ƙafafun da itacen da bai gama bushewa ba, sandunan da ke haɗa su kuma busassu ƙarau. Da ƙafar ta ci gaba da bushewa sai ramin ya tsuke ya damƙe sandar, ba ƙusa ba gam. Mazaunin kuwa ana jiƙa ganyen ne a murɗa shi kamar igiya, a saƙa daga kusurwoyi huɗu zuwa tsakiya. In ya tsufa a kwance a sake sabo, katakon yana nan daram.

Kada wani ya ce ai wannan aikin gargajiya ne, ba na mai HND ba. A garin Chiavari na Italiya wani kafinta, Giuseppe Descalzi, ya fito da tasa siririyar kujerar a 1807. Shekara 150 bayan nan, a 1957, mai zanen gine-gine Gio Ponti ya ɗora a kanta ya yi Superleggera wa kamfanin Cassina. Nauyinta kilo 1.7 kacal, kuma har gobe ana sayar da ita da tsada.

To ina ruwanmu? Ɗaya daga cikin ciyayin da ake wannan saƙa da su, musamman a Amurka, ita ce kacala. E, kacalar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana manoma da masunta sakat, ta zama maɓoyar jan baki. Can kayan aiki ce, nan annoba. Hannun saƙa kuma ba mu rasa ba: masu tabarmar kaba da masu tufka igiya suna kowace kasuwar ƙauye.

Ban ce za ta kori kujerar roba gobe ba. Saƙar mazauni ɗaya tana cin sa'o'i, farashinta zai fi na roba, kuma ba ta son a bar ta cikin ruwan sama. Amma wa ya gwada kacalarmu ya ga nauyin da za ta ɗauka? Wane itace ne zai yi, maɗaci ko dalbejiya? Yaya za a yi da gara? Waɗannan tambayoyin firojet ne na gaske, sun fi kwafo na ɗaliban bara a canja suna.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai: a makon ɗalibai mai zuwa a rage kuɗin hayar makaɗa, a gayyato masaƙin tabarma biyu da kafinta ɗaya su zauna da 'yan sashen katako na kwana uku. Kujera goma ta isa gwaji. A ajiye su a ɗakin karatu, mu zauna a kansu zango guda, sannan a duba wace ta karye.