Martani Ga Masu Ɗora Wa Matuƙa Jirage Alhakin Durƙushewar SAS

Tun bayan yajin aikin da matuƙa jiragen kamfanin SAS na ƙasashen Denmak da Norwe da Suwidin suka yi a watan Yulin 2022, ake ta maimaita wasu zarge-zarge a kansu, har suka fara kama da gaskiya a kunnen mai saurare. Ba shugabannin kamfanin muke yi wa wannan bayani ba, domin sun fi kowa sanin abin da ya faru. Jama'a muke yi wa, su duba hujja su yanke hukunci.

Zargi na farko shi ne wai yajin aikin ne ya jefa kamfanin cikin fatara. An fara yajin ranar 4 ga Yuli. Washegari, 5 ga wata, SAS ya shigar da takardun neman kariya daga masu binsa bashi a wata kotu a New York. Wane ne zai yarda cewa an haɗa takardun kamfani mai jirage fiye da ɗari da bashin biliyoyi a dare ɗaya? Tun a Fabrairun 2022 shugaban kamfanin, Anko van der Werff, ya fito da shirin rage kashe kuɗi da kurona (kuɗin Suwidin) biliyan 7.5 a shekara. Kamfanin ya yi asarar kurona biliyan 9.3 a 2020, ya ƙara ta biliyan 6.5 a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Suwidin, mai kusan kashi 22 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin a lokacin, ta ce ba za ta ƙara zuba sabon kuɗi ba. Duk wannan ya faru kafin matuƙi ko ɗaya ya ajiye aiki.

Zargi na biyu wai kwaɗayin albashi ne ya tunzura su. Yarjejeniyar da aka cimma ranar 19 ga Yuli ita ce amsa. Matuƙan sun amince a rage musu albashi, a ƙara musu sa'o'in aiki, kuma sun ɗaure kansu da yarjejeniyar shekara biyar da rabi. Ko a Nuwamban 2012, lokacin da kamfanin ya kai bakin rugujewa, ma'aikatan ne suka karɓi ragin albashi don a cece shi. Mai kwaɗayi ba ya fita daga teburin sulhu da ƙasa da abin da ya shigo da shi.

To me suka tsaya a kai? A nan masu zargin suke yin shiru. A lokacin annobar korona SAS ya sallami matuƙa kusan 560, bisa alkawarin cewa su za a fara kira idan harka ta dawo. Da harka ta dawo, sai kamfanin ya juya ga rassansa guda biyu, SAS Connect da SAS Link, ya fara ɗaukar matuƙa ta can bisa wasu sharuɗɗa na daban. Jirgin na nan da fentin SAS, tikitin na SAS ne, amma a takarda wani kamfani ne mai aikin. A wannan sana'a jerin daɗewa a aiki shi ne komai: shi ke nuna wanda zai hau kujerar kyaftin, wanda zai zaɓi lokacin hutu, da wanda za a fara sallama in an shiga matsi. Matuƙin da ya shekara goma yana tashi daga Kwapanhagan sai ya sake rubuta takardar neman aiki, ya zauna a gaban masu tantancewa, ya koma ƙarshen layi kamar wanda ya fito daga makaranta jiya. Wannan saɓa alkawari ne da aka yi wa kwaskwarimar doka.

Zargi na uku wai sun yi garkuwa da matafiya a tsakiyar lokacin hutu. Babu mai musun wahalar da aka sha: an soke tashi kusan 3,700, abin ya shafi fasinjoji kusan 380,000. Sai dai ƙungiyoyin matuƙan sun ba da sanarwa tun farkon Yuni, suka sa ranar 29 ga wata don fara yajin, sannan suka ɗage wa'adin fiye da sau ɗaya don a ci gaba da tattaunawa. Wanda aka ba makonni ya gyara al'amari ya ƙi, ba shi da bakin cewa an mamaye shi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Zargi na ƙarshe wai dawo da waɗanda aka sallama abu ne da kamfanin ba zai iya ɗauka ba. A yarjejeniyar ƙarshe SAS ya amince ya mayar da matuƙa 450 bakin aiki. Abin da aka sa wa hannu bayan kwana goma sha biyar na asara, ana iya sa masa hannu kafin a soke jirgi ko ɗaya. Masu zargin su gaya wa jama'a dalilin da ya sa ba a yi hakan ba, kuma wa ya ja lokacin.